Illo Amma

Duk wanda ya sauka a tashar Yelwa ya tambayi garejin Illo, sai an mayar masa da tambaya: "Wane Illo? Illo Amma?" Sunan bai wuce shekara uku ba, ga shi ya danne na yanka. Abin dariyar shi ne, mutumin ya yi shekara arba'in yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, ba wanda ya taɓa jin wannan kalma ta fito daga bakinsa. Illo ba ya cewa "amma", ba ya cewa "wataƙila". In ya kasa kunne ya ce aksul ne, to aksul ne, ka je ka nemo. In ka tsaya gardama ya miƙo maka sifana ya koma inuwa.

A tsibiri aka haife shi, a wani ƙauye da yanzu kifi ke yawo a kan kufansa. Yana ɗan shekara shida aka tare ruwan Kainji, aka kwashe su zuwa tudu. Ubansa masassaƙin jirgi ne, ya so ɗan ya gaje shi, shi kuwa ɗan tun da ya ji ƙarar injin jirgin fito ya raina gizago. Ya fara da injin jirgi, ya koma injin ban ruwa na masu albasa, daga nan ya faɗa mota. A motar ma ba ko'ina ya tsaya ba. Ya zaɓi wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke manne a bayan giyabos na motocin shiga daji, wanda direbobi ke kira agzilari. Aikin akwatin ɗaya ne: ya karɓi ƙarfin inji ya raba, wani ya tafi ƙafafun baya, wani ya tafi na gaba.

A wani gari wannan ba sana'ar da za ta riƙe gida ba ce. A bakin tafki kuwa ita ce sana'a. In bazara ta zo ruwa ya ja baya, yakan bar fili mai faɗi wanda samansa ya bushe ya tsattsage, ƙasansa kuwa laka ce har gwiwa. Can albasa take, can busasshen kifi yake jira, kuma motar da ƙafa biyu kawai ke ja ba ta dawowa daga can sai da igiya da zagi. Don haka daga Shanga har Wara, duk mai motar da ke sauka gaɓa ya san hanyar garejin Illo.

Da hantsi, in direbobi sun taru a kan bencinsa suna jiran aiki, yakan yi musu karatu ko ba su tambaya ba. Akwatuna uku yake ajiyewa a buɗe a gindin darbejiya don wannan.

"Wagga ta hwarko mai sanda ta," zai ce, yana buga ta da ƙafa. "Ba ta san wayo ba. Bisa kwalta ƙahwahun baya kaɗai ka ja, na gaba hutu sukai. In ka iso laka ka sauka ka murɗa makullin tayun gaba da hannu, ka ja ƙaramar sanda, shi ke nan ta ɗaure gaba da baya kamar shanun huɗa cikin karkiya guda. Cikin taɓo babu irinta. Ka mance ka hau kwalta da ita a ɗaure, kowace kwana gaba na son ya yi nisa, baya ya ƙiya, sai haƙora su ci junansu. Wanda dut ya yi haka ba direba ba na, ɗan koyo na."

Ta biyu yakan kira ta mai sulhu. Ita kullum ƙafa huɗu ke ja, sai dai a tsakiyarta akwai wasu ƙananan haƙora da ke barin gaba ya ɗan wuce baya in ana kwana, ba faɗa. Illarta, in taya ɗaya ta sami santsi, duk ƙarfin can yake tsiyayewa, sai direba ya kulle tsakiyar da kansa. Illo yana girmama ta, ko da yake yana cewa ta cika shan mai.

Ta ukun ce ba ya so. Ba ta da sanda, maɓalli gare ta. A cikinta akwai sarƙa da wasu faya-fayan kuloci jere a cikin mai, sannan ga na'ura da ke ƙirga juyin kowace taya. Da ta ga gaba da baya sun saɓa, sai ta ɗauka mota na zamewa, ta matse faya-fayan ta tura ƙarfi gaba, ba tare da ta shawarci kowa ba. "Mota mai yanke hukunci ba da sanin direba ba," in ji Illo. "Ni ban yarda da ita ba."

A bangon garejin, da jan fenti, akwai maganarsa da ta fi kowace tafiya: SABUWA BAYA, TSOHUWA GABA. Maganar taya ce. Direban da ke sauka gaɓa ba kasafai yake iya sayen taya huɗu a lokaci guda ba, biyu yake saye. Illo ya ce a sa sababbin a baya, inda nauyin albasa yake kuma inda ake ja, a mayar da tsofaffin gaba. Shawara ce mai kyau, ta fitar da motoci da yawa daga laka. Har ta kai ana rubuta ta a bayan manyan motoci, mata kuma suka ɗauke ta suna yi wa juna ba'a da ita a gidan biki.

Babu wanda ya riƙe wannan magana kamar Andrew. Shi mutumin ƙasar Ngaski ne, sa'an Illo, kuma direban wata ƙungiyar manoman albasa tun yana da baƙin gashi. Abotarsu irin ta masu tsokanar juna ce. Illo yana kiransa Limamin Lahadi, shi kuma yana kiran Illo Sarkin Tsatsa. Ran sallah Andrew ne ke fara zuwa cin nama, ran Kirsimeti kuma kwanon shinkafa na farko gidan Illo yake sauka. Shekara ashirin da takwas Andrew ya yi yana jan tsohuwar motar ƙungiyar mai sanda, bai taɓa karya mata haƙori ko ɗaya ba, kuma da wannan yake tinƙaho. Bai tara dukiya ba, bai gina bene ba. Abin da ya tara shi ne, in an ce Andrew ne a sitiyari, mai kaya yakan koma gida ya yi barcinsa.

Sai ƙungiyar ta sami sabuwar mota, fara, mai maɓalli. Wata takwas tana tafiya lafiya. Daga nan kututture ya yage tayar baya ɗaya a gaɓa, ɗayar ma ta gaji, aka ce a sayo biyu. Andrew ya kawo ta wurin abokinsa. Illo da kansa ya zaɓo tayu masu manyan haƙora irin na laka, ya duba lambar da ke jikinsu ya ga daidai take da ta na gaba, ya ɗaura su a baya, ya buga murfin mota ya ce a tafi.

Bayan wata uku akwatin ya ƙone. Da aka buɗe shi man ya zama baƙi yana warin ƙauri, faya-fayan sun gasu. Illo ya sauya su, ya ce abin da ya saba cewa: kayan zamani ba su da ƙwari. Wata huɗu bayan nan ya sake ƙonewa, a tsakiyar kakar albasa, da buhu talatin a kai. Wannan karon shugabar ƙungiyar, Hajiya Jamila, mace mai magana ɗaya wadda ta gaji gonar ubanta ta ninka ta, ta sa aka ɗauko wani makanike daga birni. Ya zo da kwamfuta ya jona, ya duba, ya ce akwatin ya yi ta aiki babu hutu a kan kwalta. Ya ƙara da cewa abu ɗaya ke kawo haka: direba na barin mota a ɗaure.

Ranar aka karɓe makulli daga hannun Andrew, aka ce ranar Laraba kwamiti zai zauna a sallame shi. Da ma a ce sata aka ɗora masa, da ya san yadda zai kare kansa. Amma a ce mutum mai jikoki bai san bambancin laka da kwalta ba, a ce ya yi kuskuren ɗan koyo, wannan ya fi mari ciwo. Ya zo gareji da yamma ya zauna a ƙarshen benci, ba tsokana, ba Sarkin Tsatsa.

"Illo, ka san ni," ya ce. "Ko cikin barci ba ni yin haka."

"Na sani."

"To mi ka cin akwatin?"

Illo ya ce motar ce banza, ya faɗa da ƙarfi kamar kullum. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma shi ya fi kowa sanin haka.

Motar tana garejinsa, an cire akwatin an ajiye a kan buhu. Washegari da safe yana zagaya ta, ya dafa tayar baya ya ji haƙoranta sun cika masa tafi, ya dafa ta gaba ya ji ta sulɓi kamar bayan tulu. Har ya yi murmushi, yana cewa a ransa Limamin Lahadi dai ba ya saɓa karatu. Murmushin bai gama ba gabansa ya faɗi. Ya shiga gida ya yanko igiyar taru daga wata tsohuwar komar kamun kifi da ke rataye a zaure, ya zagaya tayar baya da ita ya ƙulla alama, ya kai ta tayar gaba. Igiyar ta yi rara da yatsu uku. Ya sake aunawa, ya koma ɗaya gefen ya auna. Yatsu uku.

Ya zauna a ƙasa, cikin baƙin mai, ya yi lissafin da bai so ya yi ba. Tayar da ta fi ƙanƙanta dole ta fi yawan juyi kafin ta ci nisa ɗaya da babba. A mota mai sanda wannan ba komai ba ne, tunda a kwalta gaba a sake yake, a laka kuwa ƙasa na ba da hanya. Mai sulhu ma za ta shanye bambancin da 'yan haƙoranta. Ita kuwa mai maɓalli, tun daga Yelwa har Wara gani take gaba da baya sun saɓa, tana matse faya-fayanta suna gugar juna har su gasu. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ɗan birni ma bai yi ƙarya ba, fassara ce ya kuskure. Andrew bai taɓa maɓalli ba. Wanda ya kashe akwatin sau biyu shi ne wanda ya rubuta jan fentin nan a bango.

Kada a yi wa Illo ƙaryar waliyyai: kwana biyu ya yi da igiyar a aljihu bai gaya wa kowa ba. Hanyoyin kauce wa kunya suna da yawa, kuma duk ya leƙa su. Yana iya cewa a sauya tayu huɗu don ƙarin lafiya, mota ta warke a hannun sabon direba, kowa ya ce ashe dai Andrew ne. Yana iya ci gaba da zagin kayan zamani, ba wanda zai musa masa. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, domin mutumin da bai taɓa cewa "amma" ba, ranar da ya faɗe ta bai san abin da zai rage masa ba.

Matarsa Larai ce ta lura tuwo na dawowa. Ta matsa, ya fito da igiyar ya yi mata bayani rabi da rabi, yana ta kewaye-kewaye da maganar faya-fayai.

"Malam, ni ban san kuloci ba," ta ce. "Abu guda za ka hwaɗa mini. Abokinka Baban Esther ya yi laihi ko bai yi ba?"

"Bai yi ba."

"Kai ka sani?"

"Ni kaɗai nis sani."

Ta ɗauke kwanon ta fita. Wannan fitar tata ta fi masa faɗa nauyi, don ya san ta: ranar Kirsimeti ita ce za ta karɓi kwanon shinkafar nan a bakin ƙofa.

Ranar Laraba kwamiti ya zauna a rumfar ajiyar albasa, mutum tara a kan tabarmi, Andrew a gefe yana riƙe da hularsa. Ba a gayyaci Illo ba. Ya zo da motar ana turo ta, da dunƙulen alli a hannu, da direbobi kusan ashirin a bayansa, don labari ya riga ya bazu cewa Sarkin Tsatsa zai yi abin kallo.

"Baba Illo, zama mukai," in ji Hajiya Jamila.

"Na sani, Hajiya. Ku ara mini kwalta taki ɗari, in kun ga banza ta ku koma ku ci gaba."

Ta dube shi, ta tashi, sauran suka bi ta. A kan miƙaƙƙiyar hanya Illo ya durƙusa ya ja farin layi a gindin tayar gaba, daidai inda ta taɓa ƙasa, ya ja wani a ta baya. Ya ce a tura, kowa ya sa ido a kan layukan biyu, shi kuma yana ƙirga juyin ta baya da ƙarfi. A juyi na biyar layukan suna sauka ƙasa kusan tare. A na goma na gaba ya fara riga. A na ashirin, lokacin da layin baya ya taɓa ƙasa, na gaba yana can sama yana kallon rana.  A juyi na arba'in layukan suka sake haɗuwa a ƙasa, tayar gaba ta ci juyi guda cur a kan 'yar'uwarta.

"Kun gani," in ji Illo. "Cikin taki ɗari ke nan. Ku auna daga nan zuwa Wara. Motar ga ƙirga juyi takai. Dut tsawon hanya gani takai tana zamewa, tana matse kanta, har ta ƙone. Ko mala'ika anka ba sitiyari haka za ta yi."

Wani dattijo cikin kwamiti ya ce, "To wa ya sa tayu haka?"

Ai kowa ya san amsar, rabinsu da maganar a rubuce a bayan motocinsu. Illo yana iya yin shiru a ce direba ne ya kawo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya miƙe ya kakkaɓe allin hannunsa.

"Ni na sa. Ni na zaɓo su, ni na ɗaura, shi ko magana bai yi ba. Sabuwa baya, tsohuwa gaba, maganata ta, kuma gaskiya ta ga mota mai sanda har gobe. Amma..."

Nan ya tsaya, don shi kansa ya ji kalmar ta fito. Wani direba a baya ya ce a hankali, "Illo ya ce amma." Dariya ta ɗan taso ta mutu.

"Amma ga wagga, kuskure na," ya ƙarasa. "Ita tayu huɗu takan so masu girma guda, a auna su da igiya, kada a tsaya ga lamba. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba, don na ɗauka na gama sani. In sallama za ku yi, ni za ku sallama."

Hajiya Jamila ba mai dogon jawabi ba ce. Ta kwance bakin gyalenta, ta ciro makullin, ta taka har inda Andrew yake tsaye ta miƙa masa da hannu biyu. "Baba Andrew, mun zalunce ka, ka yahe muna." Andrew ya karɓa. Ya sa hularsa ya juya yana duban tafki.

Gaskiya ba ta zo wa Illo kyauta ba. Ƙungiyar ta kai gyaran akwatin birni, wasu masu sababbin motoci suka janye, kuma kafin magariba sunan ya kama shi daga tasha har kasuwar kifi. Wata guda ya yi yana jin sa kamar ƙaya a takalmi. Sai dai ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya sayo mataccen akwati mai maɓalli, ya warware shi, ya haɗa, ya sake warwarewa, har ya san shi kamar mai sanda. Yanzu duk motar da ta shigo garejinsa, kafin a buɗe mata baki sai igiyar taru ta zagaya tayunta huɗu. Masu janyewar sun dawo ɗaya bayan ɗaya, don laka ba ta san fushi ba.

Bangon ma bai goge shi ba. Ranar Asabar ta makon nan ya sayo ƙaramin gwangwanin fenti ya hau tsani, ya rubuta a ƙarƙashin tsohuwar maganar: AMMA TAMBAYI MOTAR TUKUNA. Andrew ne ya riƙe masa tsanin, yana ta ƙorafin cewa rubutun ya karkace.

Har yau duk Yelwa Illo Amma take cewa, yara da manya, har Larai in ta so tsokana, kuma yana amsawa. Mutum ɗaya ne bai taɓa kiransa da shi ba. In Andrew ya tsaya da farar motar a bakin gareji, ya leƙo ta taga, Sarkin Tsatsa yake cewa, kamar dā. An taɓa tambayarsa dalili a kan benci, shi da ya fi kowa iya ba'a. Ya daɗe yana juya makullin a hannunsa.

"Ku a bakinku suna na," ya ce. "Ni na san abin da mutumin ga ya biya kahin ya hwaɗe ta."

Illo yana ƙarƙashin wata mota a lokacin, ƙafafunsa kawai ake gani. Sai aka ji ya ajiye sifanar hannunsa, ya ce a miƙo masa lamba goma sha huɗu.